Fijo 504 da Marsandi W123: Abin da Takarda Ta Ce da Abin da Hanya Ta Ce

Doki ɗaya ne kacal a tsakaninsu. Fijo 504 mai injin lita biyu, wadda ke shan mai ta kafireto, ƙarfinta doki 93. Marsandi 200 ta jerin W123, yadda ta fito a 1976, ƙarfinta doki 94. Girman injin ma kusan ɗaya ne, cc 1971 a Fijo, cc 1988 a Marsandi. Kowacce silinda huɗu, giya huɗu, tayoyin baya ke tura ta, kuma in aka samu miƙaƙƙiyar kwalta aka take totur har ƙasa, duk biyun a wajen kilomita 160 a awa za su tsaya. Wanda ya ɗauki takardun motocin nan ya jera su zai ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Amma duk wanda ya yi wayo a Kano ko Kaduna ko Maraɗi a shekarun 1980 ya san ba haka abin yake ba. Ɗaya motar tasha ce, motar ma'aikacin gwamnati, motar 'yan sanda, motar ɗaukar amarya da kai mara lafiya asibiti. Ɗayar kuwa in ta tsaya a ƙofar gida, yaran unguwa sai sun zagaye ta suna leƙen agogon gudunta, an san babban baƙo ya zo. Har gobe in aka tayar da zancen a majalisar tsofaffin direbobi ba a rabuwa da daɗi: wasu su ce ba a taɓa ƙera mota kamar Fijo ba, wasu su ce wanda bai riƙe sitiyarin Marsandi ba bai san mota ba. Na daɗe ina sauraron wannan gardama, kuma abin da na lura shi ne ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Shi ya sa ba ta ƙarewa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa tun farko don a yi adalci. Motocin ba sa'o'in juna ba ne. Kamfanin Peugeot ya baje kolin 504 a Paris cikin Satumban 1968, bayan yajin aikin da ya girgiza Faransa a watan Mayu ya jinkirta fitowarta, kuma ita ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin zane na Pininfarina a Italiya ne ya tsara sigarta, da fitilun nan nata masu kusurwa da but mai gangarowa. Ita kuwa W123 sai a Janairun 1976 ta fito. Fiye da shekara bakwai ke nan, kuma shekara bakwai a harkar ƙera mota ba wasa ba ne. Ainihin tsarar 504 a gidan Marsandi ita ce jerin W114 da W115, irin baƙar motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Na zaɓi W123 ne domin ita ce ta daɗe tana raba hanya da Fijo a ƙasashenmu, ita ce kuma mutane ke nufi in sun yi wannan kwatance.

A jiki, Marsandi ta fi girma. Tsawonta mita 4.72, na Fijo salun mita 4.49. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.79 ce da ɗoriya a Marsandi, mita 2.74 a Fijo. Nauyi shi ne inda bambancin ya fara magana: Fijo tana wajen kilo 1,200 da 'yan kai, Marsandi 200 kuwa ta kai kilo 1,340. In aka raba nauyin da ƙarfin injin, kowane doki a Fijo yana jan kilo 13 da wani abu, a Marsandi kilo 14 da wani abu. Wannan ɗan lissafi shi ne bayanin abin da direbobin tasha suka sani a aikace ba tare da alƙalami ba: Fijo ta fi saurin tashi, ta fi zafin nama wajen wuce babbar mota. Marsandi 200 ta farko nauyinta ya ɗan fi ƙarfin injinta. Sai ta ɗau hanya ta zauna daram, sannan ake gane amfaninta.

Sai dai kwatanta 504 da Marsandi 200 kaɗai ya rage wa Marsandi haƙƙinta, domin W123 tsani ce mai matakai da yawa. A can ƙasa akwai 200D mai shan gas, doki 55, wadda kan ɗauki wajen daƙiƙa 30 kafin ta kai kilomita 100 a awa, iyakar gudunta kuma 130. Akwai 240D, doki 65 da farko, daga baya 72. Akwai 300D mai silinda biyar, doki 80 sannan 88. A ɓangaren fetur akwai 230 mai doki 109, akwai 250 mai silinda shida, sai a ƙololuwa 280E mai doki 177 da aka ƙara zuwa 185, wadda ke taɓa kilomita 200 a awa. A 1980 kamfanin ya sauya injinan silinda huɗu da sabon inji, sai 200 ta koma doki 109, aka kuma samu 230E mai doki 136 da gudun kilomita 180. Daga wannan shekarar, ko a lissafin takarda, Fijo ta koma baya.

Tsanin Fijo gajere ne. Ta fara da injin cc 1796, aka faɗaɗa shi zuwa 1971 a 1970. Mafi ƙarfin salun ita ce mai injekta, doki 104, gudunta ya ɗan haura 170. Masu shan gas ɗinta ba su wuce doki 70 ba. Akwai mai ƙofa biyu da aka sa wa injin silinda shida daga 1974, amma wannan ba motar da muka sani a titunanmu ba ce. Saboda haka in tambayar ita ce wacce ta fi gudu, amsar ba ta da wahala: babu wata Fijo 504 salun da za ta ga ƙurar 280E, kuma babu wata 200D da za ta ga ƙurar Fijo mai fetur. Gardamar gudu a nan ta ƙare, kuma ita ce mafi ƙarancin muhimmanci a cikin maganar.

Inda abin yake shi ne ƙarƙashin bonet, da kuma tunanin mutanen da suka ƙera injinan.

Injin Fijo tsohon zubi ne tun daga 404. An kwantar da shi gefe guda, kamshaf ɗinsa yana cikin bulok, sanduna ne ke tura bawul. Abu mafi muhimmanci a cikinsa shi ne silinda ba a jikin bulok aka huda su ba. Kowane fistin yana gudu ne a cikin wani kwanson ƙarfe, wanda makanikai ke kira silif, da ake zurawa a zare, ruwan lagireto kuma yana zagaye shi kai tsaye. Ma'anar wannan a aikace babba ce. In inji ya gaji, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, bakanike zai sayo sabon saiti na silif da fistin da ringi, ya zare tsofaffin, ya zura sababbin, ya ɗaure kai, injin ya dawo kusan sabo. Ba sai an kai bulok wurin masu injin gundura ba. A gindin bishiyar darbejiya ana iya yin wannan aiki, da sufana da bokitin kananzir da buhu a shimfiɗe, kuma an yi shi sau dubbai daga Sakkwato har Gaidam. Inji ɗaya yakan sha obahol uku ko huɗu a rayuwarsa.

Wannan zubi yana da farashinsa. Kan injin na alminiyom ne, bulok na baƙin ƙarfe, kuma silif ɗin suna zaune ne kan wasu siraran robobi ko gasket a ƙasa. In mota ta tafasa sau ɗaya mai tsanani, kai yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Wanda ya taɓa riƙe Fijo ya san idonsa ba ya barin allurar zafi, musamman a bazara, kuma jarkar ruwa ba ta rabuwa da but. Haka nan in bakanike ya cire kai ya juya inji ba tare da ya danne silif ba, ya tayar da su daga mazauninsu, an shiga wani sabon aiki. Fijo mota ce mai yawan ƙananan koke-koke: yau kafireto, gobe kwantak, jibi famfon ruwa. Amma kowane koke nata yana da magani a kusa, kuma da araha.

Bajamushe ya bi wata hanya dabam. Injin Marsandi kamshaf ɗinsa a sama yake, sarƙa ce ke juya shi, an yi komai da kauri fiye da abin da aikin ke buƙata. Manufar ita ce kada a buɗe shi kwata-kwata har sai ya ci dubban ɗaruruwan kilomita. Kuma ya cika alkawari, musamman masu shan gas. Injin 240D ba shi da fulogi ko kwantak ko kwayil. Famfon Bosch ne na ƙarfe zalla ke aika mai zuwa nozul, kuma da zarar ya tashi ba ya buƙatar wuta don ya ci gaba da aiki. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi kilomita miliyan 4.6 da wata 240D kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Tasa ta jerin W115 ce, amma irin injin da W123 ta gada ke nan. A Maroko ma, 240D ce ta riƙe sufurin tasi tsakanin garuruwa shekaru da dama, fasinja shida ban da direba.

To amma ranar da injin Marsandi ya buga, ko famfon gas ya lalace, gindin bishiya ba ya isa. Ana buƙatar wurin da ke da injin gyaran bulok, da mai na'urar saita famfo da nozul, da kayan gyara na asali waɗanda kuɗin waje ke sayowa. Masu fetur da injekta, wato 230E da 280E, suna amfani da tsarin K-Jetronic na Bosch, wanda ke aiki kamar agogo muddin man yana da tsabta, amma ba ya jure datti ko ruwa a cikin fetur. Da yawa daga cikinsu a nan ƙasar sun ƙare ne an cire injektar an ɗora musu kafireto, ƙarfin ya ragu, shan mai ya ƙaru. Akwai kuma wani abu da ke ba masu 240D da 300D mamaki: makullan ƙofofi da kashe injin dukkansu da zuƙar iska suke aiki, ta wasu siraran bututun roba. In ɗaya ya tsage, sai mutum ya zare makulli injin ya ci gaba da ruri, sai ya buɗe bonet ya danna wani ɗan hannu kafin ya mutu. Ba babbar matsala ba ce ga wanda ya san tsarin. Ga bakaniken da bai taɓa gani ba kuwa, sai ya wuni yana neman laifin a wayoyin wuta.

A taƙaice dai, an ƙera Marsandi don kada ta lalace, an ƙera Fijo don in ta lalace a gyara ta nan take. Wanne ya fi amfani ya danganta da nisan da ke tsakaninka da kantin kayan gyara.

Ƙasan mota ma yana da nasa labarin, kuma a ganina a nan ne Fijo ta fi cancantar yabon da ake yi mata. Farfelarta ba a fili take ba. Tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ya haɗe giyabos da aksul na baya, ya zame wa motar kamar ƙashin baya. Dutse ba ya dukanta, yashi da laka ba sa shiga, kuma ƙarfin turawar tayoyi yana bi ta bututun maimakon ya riƙa fizgar bodi. Safirin ɗinta suna da laushi da doguwar tafiya sama da ƙasa, shokazoba kuma kamfanin da kansa yake ƙera su. A kan hanyar burji mai gargada, irin wadda ke girgiza haƙora, Fijo tana da wani gudu da in ta kai shi sai ta riƙa shawagi a kan tudun gargadar, fasinja na gyangyaɗi a kan kujerun nan nata masu taushi. Sitiyarinta kuma yana faɗa wa hannun direba abin da tayar gaba ke takawa. Salun ta asali tana da birkin faifai a duk tayoyi huɗu, kowace tayar baya kuma tana motsi ita kaɗai, abin da ba kasafai ake samu a motar iyali ta 1968 ba. A 1973 aka fito da mai rahusa, 504 L, da aksul guda a baya, wanda ya fi sauƙin gyara da jure lodi.

Marsandi ma tayoyinta huɗu kowacce da motsinta, birkin faifai gaba da baya. Amma an saita ta ne don manyan titunan Jamus inda ake gudu awa da awa. A kan kwalta mai kyau babu abin da ya kai ta natsuwa: iska ba ta kaɗa ta, ƙara ba ta shiga, kujerunta masu tauri ne amma ba sa gajiyar da baya. Ƙaton sitiyarinta yana shanye dukan rami kafin ya iso hannu, ko da yake in ya tsufa yakan yi lako-lako a tsakiya. Tana iya hanyar ƙauye, ba a ce ba ta iyawa ba. Sai dai nauyinta yana cin robobin ƙafa, kuma a cikin yashi mota mai nauyi ita ke fara nutsewa.

Tarihin tsere ya nuna wannan rabon gado sarai. A 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da 504 salun, tsere na kusan kilomita 6,000 cikin ƙura da taɓo. A shekarar ce kuma Hannu Mikkola ya ci na Maroko da ita, aka kuma ci na Bandama a Kodebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa Safari da Bandama da mai ƙofa biyu da silinda shida. Ita kuwa W123 babbar nasararta ita ce ta 1977, lokacin da Andrew Cowan ya ci tseren Landan zuwa Sidni da 280E, tafiyar kusan kilomita 30,000. Ɗaya ta yi suna a mugunyar hanya, ɗaya ta yi suna a doguwar hanya.

Duk da haka, da injiniyanci kaɗai ne, da Fijo ba ta mamaye Arewa yadda ta yi ba. Kaduna ce ta yanke hukuncin. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a ƙarshen 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar Kakuri a 1975. A daidai lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, har ta kai ana ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta zo da manufar rage facaka, aka mai da 504 motar hukuma tun daga manyan sakatarori har ƙasa. Ma'aikaci yana karɓar bashin mota ya je ya ɗauko tasa fil a leda. Shekara uku kafin buɗe masana'antar, a Afrilun 1972, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wanda ya sa motocin Faransa da Jamus suka dace da titunanmu ba tare da an juya sitiyari ba, ya kuma daidaita mu da Nijar da Kamaru da Chadi.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin sirrin. Mota ɗaya ta cika ƙasa, sai kowane yaron gareji ya koyi aiki a kanta, kowane ɗan kasuwa ya zuba jari a kayanta. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ana iya haɗa Fijo sukutum daga kayan da ke kan tebura. Wadda ta yi hatsari ba ta mutu ba, ta zama kayan gyaran 'yan uwanta goma. Marsandi ba ta samu wannan gata ba. Masana'antar da ke ɗauke da sunanta a Inugu, wato ANAMMCO, manyan motoci da bas take haɗawa. Duk wata W123 da ta taka ƙasar nan daga waje aka shigo da ita, ita da kayan gyaranta. Lokacin da Naira ke da ƙarfi wannan bai dami mai ita ba. Da aka shiga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 darajar Naira ta zube, sai riƙe Marsandi ya zama aikin mai ƙarfi, sai daga baya kayan 'yan Kwatano suka kawo sauƙi.

Arhar fetur ma ta taka rawa. A 1982 kwabo 20 ake sayar da lita a Najeriya. A irin wannan yanayi babu dalilin da zai sa mutum ya haƙura da nawar 240D don ya rage lita biyu ko uku a kowace kilomita 100. Shi ya sa mafi ƙarfin hujjar Marsandi, wato injinta na gas, bai yi tasiri a nan ba kamar yadda ya yi a Maroko ko Girka, mu masu fetur muka fi sani.

A Nijar hanyar shigowar Fijo ta bambanta. Shekaru da yawa matasan Turai suna sayen tsofaffin 504 a Faransa da Beljiyam, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su ratso Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Yamai su koma gida ta jirgi. Mota mai jan ƙafa biyu ce, wadda aka ƙera don iyalin Bafaranshe, take ratsa ɗaruruwan kilomita na yashi ba kwalta. Sun zaɓe ta ne don sun san za ta iya kaiwa, sun kuma san akwai mai saye yana jira.

Sai wagon, wadda a gaskiya ita ce Fijon talaka. An fito da ita a farkon shekarun 1970, an ƙara tazarar tayoyinta zuwa mita 2.9, tsawonta ya kai mita 4.8, rufin baya ya ɗaga, aka sa aksul guda mai safirin huɗu, biyu a kowane gefe. Layin kujeru uku. Ita ta haɗa Kano da Maiduguri, Kaduna da Legas, Zinder da Yamai. Daga baya aka ƙaro a-kori-kura, ta ɗauki buhun hatsi da tumaki. Marsandi ma ta yi wagon daga 1978, kyakkyawa ƙwarai, mai na'urar da ke ɗaga bayanta da kanta in an yi lodi, amma tsadarta da wahalar gyaran wannan na'ura sun sa ba ta taɓa zama motar tasha a wurinmu ba.

Wagon ɗin ce kuma ke kai ni ga abin da masoya Fijo ba sa son a taɓo, kuma dole a taɓo shi. A wajen kare rai, Marsandi ta yi mata nisa. An gina ɗakin fasinja na W123 da tauri, gaba da baya kuma an tsara su su murƙushe su shanye ƙarfin karo, dabarar da injiniyan kamfanin Béla Barényi ya ƙirƙiro. Tankin mai yana saman aksul na baya, nesa da inda ake dukan mota. Sandar sitiyari tana lanƙwashewa maimakon ta soki ƙirjin direba. Daga 1980 ana iya sayenta da birkin ABS mai hana tayoyi kullewa in an taka, daga 1982 da jakar iska. Fijo zanen shekarun 1960 ce, kuma haka ta ci gaba da fita daga Kaduna ba tare da wani babban sauyi ba har fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera salun a 1983. Wagon ɗin birkin ganga ne a bayanta. A ɗora mata mutum tara ko goma, a cika but da rufi da kaya, a sa mata tayoyin da suka suɗe, a sake ta a kilomita 140 a hanya mai layi ɗaya: da yawanmu muna da ɗan uwa ko maƙwabci da ya tafi ta wannan hanya bai dawo ba. Laifin lodi da gudu ba na motar ba ne, na sani. Amma in karo ya riga ya auku, jikin motar ne ke raba wanda zai fita da wanda ba zai fita ba, kuma a nan ba na shakkar wacce zan so 'ya'yana su kasance a ciki.

Haka ma ingancin ƙira. Rufe ƙofar W123 mai shekara 40 ka ji ƙarar, sannan ka rufe ta Fijo. Maɓallai, hannun ƙofa, rufin kujera, duk na Marsandi sun fi jure rana da shekaru. Ba banza ba ne lokacin da ta fito Jamusawa suka riƙa jiran layi wata da watanni, har sabuwa a hannun wani takan fi farashin kamfani tsada. An ƙera kusan miliyan 2.7 cikin shekara goma, aka tsaya a farkon 1986. Fijo ta haura miliyan uku, amma ta ɗauki shekara kusan 37 tana fita daga masana'antu a Faransa da Ajantina da Kenya da Najeriya. Tsatsa kuwa duk biyun tana cin su, sai dai busasshiyar iskar Arewa ta yi musu rana. Wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal, ko ta sha gishirin titunan Turai kafin ta iso, ita ce abin tsoro.

In aka tambaye ni hukunci, sai na raba shi gida biyu, domin zamanin ya rabu. A 1980, ga malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da ƙauyukan da ke kewaye, Fijo ce daidai, ba tantama. Ta fi sauƙin saye, ta fi dacewa da hanyarsa, kuma duk inda ta tsaya masa akwai mai tayar da ita kafin la'asar. Marsandi ta fi ta a matsayin ƙarfe da ƙira, amma fifikon da ba za ka iya riƙewa ba a inda kake zaune bai amfane ka da komai ba.

Yau kuwa lissafin ya juya. Gatan da Fijo ke da shi ya fara zagwanyewa: masana'antar ta daina ƙera ta, tsofaffin makanikan da suka san ta ciki da bai suna ƙarewa, yaran gareji sun koma kan Toyota da Honda da Golf, kayan da ke kasuwa kuma da yawa jabu ne. Yawancin waɗanda suka rage an yi aiki da su har ƙashi, domin motar aiki ce tun asali. Marsandi kuwa sau da yawa a gidan mai hali ta zauna, ana fita da ita Juma'a da Sallah, kuma har yanzu ana samun kayanta saboda masu sha'awarta a Turai da Amurka suna da yawa. Mai neman tsohuwar mota da zai riƙa hawa, ni 230 mai kafireto ko 240D zan nuna masa. Mai neman Fijo don ita ce motar mahaifinsa, ya nemi salun da ba ta taɓa shiga tasha ba, ya ɗaga kafet ya duba ƙasan bodi da mazaunin shokazoba na gaba, ya buɗe murfin lagireto ya tabbata babu mai a cikin ruwan, sannan ya bar injin yana aiki a tsaye rabin awa da tsakar rana yana kallon allurar zafi kafin ya fara maganar kuɗi.